Babi na Bakwai: Eriya a Kan Gora

Duk wanda ya taɓa kwana a bukkar gonar doya a dajin Salaga, ko a ruga tsakanin Yendi da Zabzugu, ko a gaɓar Farin Volta inda manoman albasa na ƙasar Bawku ke yin noman rani, ya san wannan tambayar: me ya sa waya take yin tsit a cikin bukka, amma da an hau suri ko an maƙale a reshen kaɗanya sai saƙonni su fara shigowa? Wata tambayar kuma tana biye da ita. Idan hawa bishiya yana kawo sabis, ashe babu wata na'ura da za ta zauna can sama a madadin mutum, dare da rana, ba tare da tsoron faɗowa ba? Akwai ta, ita ce eriya. Sai dai mutane da yawa suna sayenta da zaton tana ƙirƙiro sabis daga babu, idan ba su ga haka ba sai su ce an cuce su. Gaskiyar lamarin ita ce eriya tattarawa kawai take yi, kuma tsawon da aka ɗaga ta da inda aka fuskantar da ita sun fi tsadarta muhimmanci. Wanda ya gane wannan zai kashe kuɗi kaɗan ya samu biyan buƙata.

Zango jiya, zango yau

Kwana a daji saboda neman abinci ba sabon abu ba ne a wannan yanki. Fataken Kano da Katsina sun daɗe suna bin hanyar Gwanja, su ratsa Sansanne Mango da Yendi su sauka Salaga, su sayar da kanwa da tufafi da dabbobi, su ɗauki goron Asante su koma gida. Inda madugu ya ce a sauke kaya a kwana, nan ne zango. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 'yan kasuwa suka watse zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da sauran garuruwa, kalmar kuma ta bi su, har ta zama sunan unguwannin Musulmi a duk faɗin Ghana. A wancan zamani labari yana tafiya ne da saurin jaki. Farashin goro da bafatake ya ji a hanya ya riga ya tsufa da makonni kafin ya isa kasuwa, kuma kowa ya yarda da haka domin babu wanda ya fi wani.

Yanzu masu yada zango a daji sun canza, amma ba su ragu ba. Akwai manoman doya da ke tarewa a gona lokacin tara kunya da lokacin haƙa, akwai makiyaya, akwai masunta a bakin tafkin Volta wajen Makango, akwai masu ƙona gawayi, da leburorin hanya, da ma'aikatan lafiya masu bin ƙauyuka da allurar rigakafi. Bambancinsu da fatake shi ne wanda suke ciniki da shi yana da labarin yau a aljihunsa. Dillalin da ya zo da mota ya san nawa aka sayar da ɗarin doya a kasuwar Konkomba ta Accra da safiyar nan, manomin da ya kwana goma a gona bai sani ba. Kuɗin saniya kuma sau da yawa ta MoMo suke zuwa, wato tsarin tura kuɗi ta waya, wanda MTN ta fara a Ghana a 2009, mai saniyar ba zai saki igiya ba sai ya ga saƙo ya shigo. Akwai ma abin da ya fi ciniki nauyi. Kusan kowace damina, wajen watan Agusta ko Satumba, ana buɗe madatsar ruwa ta Bagre a Burkina Faso, ruwan ya gangaro ta Farin Volta ya shafe gonakin gaɓa. Hukumar NADMO mai kula da bala'o'i takan yi gargaɗi, amma gargaɗin da bai isa kunnen wanda ke kwance a bakin kogi ba, bai yi aikinsa ba. Saboda haka maganar sabis a zango ta wuce maganar kallon bidiyo.

Inda sabis yake tsayawa

Ba za a ce an bar gabashin arewacin Ghana babu komai ba. A 2015 aka kammala shimfiɗa wayar gilashi mai tsawon kusan kilomita 800 daga Ho zuwa Bawku, da reshe daga Yendi zuwa Tamale. MTN ta fara 4G a 2016, Vodafone, wadda ta koma Telecel a 2024, ta bi baya a 2019. Asusun GIFEC na gwamnati, wanda aikinsa shi ne kai sadarwa inda kamfanoni ba sa ganin riba, ya ƙaddamar da shirin kafa turakun sabis 2,016 a karkara a 2020. Duk da haka kamfani yana kafa ƙarfen sabis ne inda jama'a suka taru, wato gari da bakin titi. Bukkar da ke kilomita goma sha biyar daga titi, wadda za a tashi daga cikinta bayan wata biyu, ba ta cikin lissafin kowa. Sabis ɗin kuwa ba ya yankewa kamar an sa wuƙa. Dusashewa yake yi a hankali. A sarari fetal, duk lokacin da nisa ya ninka biyu, ƙarfinsa yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, a ƙasa mai itatuwa da tuddai kuwa raguwar ta fi haka sauri. To a wannan yanki na dusashewa, inda sabis yana nan amma ya yi wa waya rauni, nan ne eriya take da aiki.

Abin da eriya take yi

A kwatanta fitilar ƙwai da tocila. Fitilar ƙwai tana watsa haske ko'ina, sama da ƙasa da gefe, shi ya sa ba ta haska nesa. Tocila mai haske daidai da na waccan tana tattara hasken ta tura shi waje ɗaya, sai ya kai ƙarshen gona. Ba a ƙara haske ba, an hana shi ɓarnatuwa ne. Eriyar da ke cikin wayar hannu irin fitilar ƙwai ce, kuma dole ta zama haka, domin mai waya ba ya son ya riƙa juyawa yana neman gabas kafin ya amsa kira. Eriyar waje mai fuskantar gefe ɗaya ita ce tocila. Wadda aka fi sani ita ce mai kama da ƙashin kifi, irin ta talabijin da ake gani a kan rufin gidaje, wadda Yagi da Uda suka ƙirƙiro a Japan a 1926. Akwai kuma mai faɗi kamar allo, da mai kama da kwando. A jikin kwalinsu ana rubuta lamba da haruffan dBi. Ma'anarta a sauƙaƙe ita ce duk ƙarin 3 ninki biyu ne, ƙarin 6 ninki huɗu, ƙarin 12 kuwa kusan ninki goma sha shida. Amma gwargwadon girman lambar, gwargwadon ƙanƙantar fuskar da eriyar ke kallo, kuskure kaɗan wajen saiti sai ta wuce ƙarfen sabis tana kallon daji.

Akwai wani ɓangare da mutane ke mantawa. Magana tsakanin waya da ƙarfen sabis zuwa da dawowa ce. Ladan da ke kan hasumiya da lasifika, ana jinsa daga bayan gari, amma wanda ya ji shi daga can idan ya amsa, ladan ba zai ji ba. Haka ƙarfen sabis yake da babbar murya, wayar hannu kuwa iyakar ƙarfin da take fitarwa a 4G bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na wat ba. Wannan ne ya sa ake ganin sanda ɗaya ko biyu a fuskar waya, amma saƙon murya na WhatsApp ya yi ta juyawa ya ƙi tafiya. Eriya tana gyara ɓangarorin biyu a lokaci guda, tana zama kamar hannun da aka kare a bayan kunne wajen saurare, tana kuma zama kamar hannun da aka dunƙula a baki wajen kira.

Tsawo ya fi ƙarfi

Abin da ke cinye sabis a dajin arewacin Ghana, bayan nisa, shi ne ƙasa da itace. Ɗanyen ganye cike yake da ruwa, ruwa kuma yana shanye igiyar rediyon da ke ɗauke da sabis. Shi ya sa wurin da ake samun sabis a watan Fabrairu, lokacin da ciyawa ta ƙone itatuwa suka kaɗe, yakan mutu a watan Agusta bayan gamba ta fi mutum tsawo, kaɗanya da ɗorawa sun rufe. Kamfanin bai rage komai ba, dajin ne ya yi kauri. Sannan igiyar ba ta tafiya siririya kamar zare. Tana buƙatar fili a kewayenta mai siffar kwale-kwale, tsukakke a baki biyu, mai faɗi a tsakiya. A kan mitar rediyo ta 800 MHz da MTN da Telecel suka fara 4G da ita, idan nisan ya kai kilomita goma, wannan fili yana buɗewa har kusan mita 30 ta kowane gefe a tsakiyar hanya. Ke nan ko da ido yana hango jan fitilar ƙarfen sabis da dare, tudun da ke tsakani yana iya cin rabon sabis ɗin. Duk mita ɗaya da aka ƙara wa eriya sama tana fitar da wani ɓangare na wannan fili daga cikin ciyawa da ƙasa.

Saboda haka gora mai tsawon mita shida, ko bututun ƙarfe biyu da aka haɗa, yana iya yin abin da eriya mai tsada da aka rataye a bakin bukka ba za ta yi ba. Amma gora ba ta kai tsawon babbar ɗorawa ba, don haka zaɓen wuri yana gaba da komai. A nemi jigawa, a guji fadama, a duba cewa ɓangaren da ƙarfen yake babu kurmi kusa. Sau da yawa matsawa taku ɗari zuwa kan tudu ya fi duk wani abin da za a saya. Akwai kuma wurin da babu dabara. Wanda ya sauka a gindin dutsen Gambaga, ƙarfen kuma yana bayan dutsen, ko ya sayi eriyar da ta fi kowace, ba za ta huda dutse ba. Mai sayar da kaya na gari ya kamata ya faɗa wa mai saye haka tun kafin ya karɓi kuɗinsa.

Yadda ake haɗawa

Wayoyin zamani ba su da ramin da za a soka eriya, don haka ana buƙatar na'ura a tsakani, wato rauta mai ɗaukar layin waya, wadda take da ramukan eriya a bayanta. Ita ce za ta kamo sabis daga nesa ta raba shi ta Wi-Fi ga wayoyin da ke zangon. Yawancin na 4G ramuka biyu gare su, domin tsarin yana aiki da eriya biyu a lokaci ɗaya, kuma cike dukansu ya fi. A nan ne kuskure mafi yawa yake faruwa: a ɗaga eriya sama, a bar rauta a cikin bukka, a haɗa su da doguwar waya siririya mai araha. Irin wannan waya tana zubar da sabis kamar tulu mai tsaga. A mitar Wi-Fi, mita uku kacal na siririyar waya na iya cinye rabin abin da eriya ta tara. Mafita ita ce rauta ta hau sama kusa da eriyar, a cikin robar da ruwa ba ya shiga, wutar kawai za a kai mata. Akwai ma waɗanda aka ƙera eriya da rauta a gida ɗaya, waya guda ce ke saukowa, tana ɗauke da wuta da data, kuma tana iya kai mita 100 ba tare da asara ba.

Saiti aikin mutum biyu ne da haƙuri. Ɗaya yana riƙe da gindin gorar, ɗaya yana duba shafin rautar a wayarsa, inda ake nuna ƙarfin sabis da lamba mai alamar ragi a gaba. Sandunan fuskar waya ba abin dogaro ba ne a nan, lambar ake bi. Idan tana wajen 80, sabis ya yi kyau ƙwarai. Wajen 100 ana aiki. Daga 115 zuwa 120 an kai bakin gaɓa. Mai gora zai juya kaɗan, kamar faɗin tafin hannu, ya tsaya, a ƙirga talatin a bar lambar ta zauna, sannan a sake juyawa. Idan an zagaya an ga inda lambar ta fi ƙanƙanta, sai a ja layi da gawayi a jikin gorar da turken da aka ɗaure ta, domin idan iska ta juya ta da dare a san inda za a mayar. A ɗaure ta da igiya uku zuwa turaku uku. A ƙasar Bawku akwai ƙarin abin lura: a wajen Pusiga da Kulungugu iyaka tana kusa, ƙarfen da ya fi ƙarfi yana iya zama na Togo ko na Burkina Faso. Gara a shiga saitin rautar a zaɓi kamfanin da hannu, kada ta kama na ƙetare da kanta kuɗi su tafi ba a sani ba.

Wani lokaci abin da ake son jawowa ba sabis na kamfani ba ne, Wi-Fi ne na wani gida ko makaranta ko shago da ke bakin gari, da yardar mai shi. Wi-Fi na gida da ƙyar yake wuce mita hamsin idan akwai bango, amma wannan iyakar ta ƙananan eriyoyinsa ce. A 2007 Ermanno Pietrosemoli da abokan aikinsa suka haɗa Wi-Fi tsakanin duwatsu biyu a Venezuela, nisan kilomita 382, da eriyoyi masu kama da kwando. Babu mai buƙatar haka a Yendi, amma misalin ya nuna cewa kilomita biyu ko uku daga gari zuwa gona abu ne mai yiwuwa, muddin an sa eriya a baki biyu suna kallon juna, kuma babu bishiya a tsakani. Sharaɗin gani ya fi tsanani a nan, domin igiyar Wi-Fi gajera ce, kusan santimita 12 ko 6, ta 800 kuwa ta kai santimita 37, gajeriyar igiya kuma ba ta iya kewaye cikas.

Masu ja da wannan magana

Wani zai ce, me ya sa ba za a sayi na'urar ƙara ƙarfi ba, wadda ake kira busta, a huta da rauta? Busta tana karɓar sabis ta ƙara masa ƙarfi ta sake watsawa, ke nan ita kanta ƙaramar tashar watsawa ce a kan mitar da kamfani ya biya kuɗi ya mallaka. Marar kyau, ko wadda aka kafa eriyoyinta biyu kusa da juna, tana yin irin kukan da lasifika ke yi idan an kusantar da makirufo, kukan kuma yana komawa ƙarfen sabis ya ɓata wa duk ƙauyukan da ke kansa. Hukumar NCA ce ke kula da mitoci a Ghana, kuma kayan sadarwa sai da amincewarta. Eriya da rauta ba su da wannan matsala, domin a wurin ƙarfen sabis rauta waya ce kamar kowace waya.

Wani kuma zai ce zamanin eriya ya wuce tunda Starlink ya shigo Ghana a 2024, yana kamawa daga tauraron ɗan'adam ko a tsakiyar daji. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma a gindin dutsen da aka ambata ko a tsibiran tafkin Volta ita ce amsa. Ga asibitin tafi-da-gidanka ko kamfanin gina hanya ma haka ne. Amma na'urarsa da kuɗin wata sun fi ƙarfin manomi ɗaya, kuma yana shan wuta: ƙaramin samfurin yana cin wat 25 zuwa 40, babban ya fi haka nesa ba kusa ba, alhali ƙaramar rauta ba ta cika wuce wat 10 ba. Sannan data ce kawai yake bayarwa. Saƙon MoMo da lambobin da ake dannawa a tura kuɗi suna bin layin waya ne. Wannan iyakar ta shafi rauta ma, kuma ya kamata a faɗe ta: kiran waya na yau da kullum yawanci ba ya bin Wi-Fi ɗinta, sai dai a yi kira ta WhatsApp, a yi harkar kuɗi ta manhajar kamfanin, wanda ke nufin mai ƙaramar waya marar intanet bai amfana kai tsaye ba.

Hujjar da ta fi dacewa a tsaya a kanta ita ce ta masu cewa wannan duk ɗora wa talaka nauyin da ke kan gwamnati da kamfanoni ne. Gaskiya ne cewa ƙauyen da ke da makaranta da kasuwa haƙƙinsa ne a kafa masa ƙarfe, kuma eriya a kan gora ba ta sauke wannan nauyi daga kan kowa ba. Amma ruga tana tashi, bukkar gona tana rushewa bayan girbi, masunci yana bin kifi. Ko an cika turaku 2,016 an ƙara wasu, za a samu zangon da ya faɗa tsakanin biyu. Kayan da ake kwancewa cikin minti goma a ɗaure a bayan babur su ne suka dace da rayuwar da ke tafiya. Maganar kuɗi kuma tana sauƙi idan an tuna cewa rauta ɗaya tana ɗaukar wayoyi goma ko fiye, mutanen zango kuwa sun saba haɗa kuɗin gishiri da man babur.

Haɗari ɗaya ne ba a wasa da shi, wato tsawa. Daga Mayu zuwa Oktoba hadari yana tasowa da sauri a wannan yanki, kuma sanda mai ƙarfe a kai, a kan jigawa, da waya mai saukowa cikin bukka, hanya ce da aka shimfiɗa wa aradu. A kafa gorar nesa da inda ake kwana da inda dabbobi suke. Da an ga gabas ta haɗe, a cire waya a kwantar da gorar ƙasa tun kafin iska ta iso, kada a jira a ji rugugi. Kada kuma a ɗaga bututun ƙarfe kusa da wayar lantarki.

Idan an kiyaye waɗannan, saura abu ɗaya da zai iya mayar da duk aikin banza: rautar da ke kan gora tana buƙatar wuta awa ashirin da huɗu, a wurin da babu turken lantarki ko ɗaya. Faranti mai hasken rana na wat nawa zai ishe ta, wane batir ne zai kai ta asuba, kuma me ƙurar hunturu take yi wa farantin a watan Janairu? Babi na gaba zai ɗauki wannan lissafi daga farko.